Wurin Faifai a Bangon Kaka

In ka taɓa zuba ruwa a kan busasshiyar farar ƙasa, ka san ƙamshin da nake nufi. Tana shan ruwan tana 'yar ƙara, sai wani ƙamshi ya taso irin na yayyafin farko, har yawu ya tsinke maka. Na yi shekaru ban ji shi ba, na ma ɗauka na manta. Bana na sake jin sa a tsakar gidana a Nguru, ina tsugune gaban baho na ci ɗamara da ɗankwali, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar juna ko lafiyata ƙalau. Gaskiya ni ma a lokacin ba zan iya rantsuwa a kan haka ba.

Kakata ce ta kai ni ga wannan, wadda ta haifi babana. Daminar bana ruwa ya ci ɗakinta a Gashuwa. Allah ya sa tana waje tana alwala bangon ya zauna. Baba ya daɗe da rasuwa, Goggo kuwa, ƙanwarsa da ke kula da ita, ɗakinta ya cika da jikoki, don haka na ce a kawo mini ita. Ta tsufa ƙwarai. Ido ya yi rauni, tunani yana zuwa yana tafiya, Hausar ma wani lokaci takan ajiye ta ta koma Badancin da aka haife ta a ciki, wanda ni gaisuwa kawai na iya da shi. Tun ranar da aka sauke ta ta ƙi shiga ɗakin da na ware mata. Da safe sai ta ɗaure kayanta a tsohon zani, ta zauna a baranda bakin ƙofar ɗakin, ƙullin yana kan cinyarta, duk wanda ya gifta ta ce a kai ta gida. Nan take ci in ta ga dama, nan take kwana sauro yana cizon ta. Ta fara tari, wuyanta ya zarme. Gidan da take cewa a kai ta kuwa tarin laka ne kawai. Ina kallon ta tana ƙarewa a ƙofar ɗaki, na rasa yadda zan yi ta taka ciki.

Da farko dai na zargi bangon. Ɗakin da can maigidana yana ajiye buhuna a ciki, duk ya yi dabbare-dabbare. Mai fenti ya yi ta ce mini gobe, ni kuma ba ni da haƙurin gobe, sai na sayo fenti shuɗi mai haske da rola, na duba a waya yadda ake yi, na hau kujera. Na fente bango, na fente gashina, har kyanwar gidan sai da ta samu rabonta. Da ya bushe ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na kama hannun Kaka na ja ta ciki da lallashi. Ta shaƙi iska, ta shafa bangon da tafin hannu, ta goge hannun a zaninta.

"Wa ba shi da lafiya?" ta tambaye ni.

"Babu kowa, Kaka."

"To me muke yi a asibiti?"

Ta lallaba ta fita, ta ɗauki ƙullinta ta zauna inda ta saba. Ni kuma na zauna a kan bokitin fenti ina kallon bayanta ta ƙofa, kuka yana neman ƙwace mini. A nan ne na ji kamar na taɓa ganin wannan zama. Tsohuwa, ƙulli a cinya, ta ba ɗaki baya. Na taɓa gani, ina ƙarama.

Gidanmu na Gashuwa yana unguwar da ke gangarawa kogi, inda ko bargonka sai ya yi warin bandar kifi. Kakana masunci ne, ya rasu ban san shi ba. Ɗakin Kaka ɗan soro ne na laka mai gajeriyar ƙofa, kuma duk shekara da hannunta take shafe shi, ba ta yarda wani ya taɓa. Sai damina ta ɗauke, ruwa ya fara ja da baya a fadama, an shiga yankan shinkafa. Ba ta duba wata, ba ta tambayar kowa. Kuncinta take ɗorawa a jikin bango da hantsi, in ba ta ji sanyin danshi ba sai ta ce mini, "Ƙawata, lokaci ya yi." Haka take kira na, don ta ce duk gidan ni kaɗai ce mai hankali, ni ma ɗin ba sosai ba.

Farar ƙasar matan ƙauyukan Jakusko ke kawowa ranar kasuwa, dunƙule-dunƙule. Kaka takan gutsuri kaɗan ta tauna, in ta ji yashi a haƙori ta tofar ta yi gaba, ko mai ƙasar ta ji haushi. Sai ƙaro. Shi ake jiƙawa tun jiya a ƙwarya har ya narke ya yi yauƙi, a tace da tsohon ɗankwali a juye cikin ƙasar. Ƙaro ne ke hana shafe kama tufa, kuma nan alfaharin Kaka yake. Takan ce ka jingina da bangonta da baƙar riga ka tashi yadda ka zauna. In ta hango wani magidanci zai tafi masallaci bayansa fari fat, sai ta taɓa ni ta ce, "Matar wancan rowar ƙaro take yi."

Ranar shafe komai na ɗakin waje ake fito da shi, gado da akwati da jeren kwanonin sha da ta zo da su tun aurenta. Ƙadangaru su watse, a tsinci allurar da aka yi ta nema tun azumi. Sannan ta naɗe tsumma a hannun dama, ta tsoma cikin kwatarniya, ta fara daga kusurwa tana murzawa rabin zagaye bisa rabin zagaye, kamar ɓawon kifi. Ruwan ƙasar ya bi ta gwiwar hannunta ya ɗiga a daɓe. Da danshinsa bangon toka-toka yake yi, mummuna, har shekarar farko da na yi wayo na fashe da kuka na ɗauka mun ɓata ɗakin. Washegari na shiga na tarar da haske kamar an cire rufin.

Aikina guda ne, shi ne kuma abin da ya ɗaure mini kai har na girma. In an zo kusa da ƙofa, Kaka takan miƙo mini faifan kaba ta ce in danna shi a jikin bango. Kullum wuri ɗaya. Da farko sai an kifa mini turmi na hau kafin in kai, ina miƙe da hannuwa har kafaɗa ta ƙage. Ita kuma ta bi gefen faifan da tsumma a hankali, ba ta sauri ko ina ƙorafi. In na ɗaga, sai ga zagayen tsohon bango baƙi ƙirin, sumul, a tsakiyar farin. Ko'ina an shafe, ban da nan.

Na tambaye ta dalili, ta ce, "Na baɗi ne."

Na yarda, don yaro yana yarda. Da baɗin ta zo na ɗauka yau za a rufe shi, sai ta sake miƙo mini faifai. Na tuna mata ai ta ce na bana ne. Ta ce ita ba ta ce bana ba, baɗi ta ce, in kuma ban iya riƙe faifai ba in sauka ta kira 'yar maƙwabta.

Sai na shiga bin manya ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce nan mahaifinsa yake jingina kai in ya dawo daga kamun kifi, shi ya sa wurin ya yi sumul. Na je na zauna a ƙasa na gwada, na ga sai dai in kakan nawa a tsaye yake hutawa. Goggo ta ce alama ce ta shekarar da kogi ya shigo gari, nan ruwa ya tsaya. Amma ni na ga shatin ruwa a katangun unguwarmu, a miƙe yake, ban taɓa ganin ruwan da ya tsaya a zagaye ba. Umma kuwa, mahaifiyata, 'yar Nguru ce, iyayenta 'yan kasuwa ne da asalinsu Kano, a gidan siminti ta tashi. Ita ƙasa-ƙasa ta ba ni amsa, tana waige, ta ce camfi ne na mutanen bakin kogi, kada in ƙara tambaya. Kowa ya faɗa mini nasa da cikakken tabbaci, kuma babu wanda ya taɓa tambayar mai ɗakin sai ni.

Shekarar da aka haifi ƙanena abin ya zama magana. Umma tana da tsohon ciki, tana ta shirin baƙin suna, ta san kuma 'yan uwanta mata a ɗakin Kaka za a sauke su, don shi ne na babba. Zagayen nan ya tsaya mata a rai. Tana ganin yayyenta za su kalle shi su kalli juna, su koma Nguru da labari. An gama shafe ke nan aka aiko da rasuwa daga Karasuwa, Kaka ta tafi ta'aziyya. Akwai ragowar ƙasa a kwatarniya. Umma ta tsoma tsumma ta rufe wurin, ta ja da baya ta duba, ta ce yanzu ne ɗaki ya zama ɗaki. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ga ya fi kyau.

Kaka ta dawo da la'asar, ta yi sallama, ta sunkuya ta shiga. Ba ta daɗe ba ta fito. Ba ta yi faɗa ba, ba ta nemi sanin wanda ya yi ba. Ta zauna a bakin ƙofa da ƙullin tafiyarta a cinya, ta ba ɗakin baya. Nan ta yi salla, nan aka kai mata tuwo. Baba ya zo ya tsuguna ya yi ta ba ta haƙuri ba tare da ya san laifin da yake ba da haƙuri a kai ba. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Na ga an gama da ɗakin. Me zan shiga in yi?"

Gari ya waye tana nan. Umma ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son surukar tata, kunya ce kawai ta ja ta. Ta ɗauki tsumma da ruwa ta shiga za ta wanke, sai ta tsaya tana kallon bango. Ko'ina fari, ta rasa wurin. Ni aka kira. Aka kifa turmi na hau, na rufe ido, na ɗaga hannu yadda nake ɗagawa da faifai, hannuwana suka je da kansu. Umma ta yi ta gogewa, da cikinta da komai, har baƙin ya fito.

"Iya, ki zo ki gani," in ji Umma.

Kaka ta shigo ta duba, ta ce, "Ya karkace." Sannan ta zauna bakin gado ta kwance ƙullinta. Ba a sake ta da maganar ba. Daga shekarar Umma ce ma ke tuna mini in ɗauko faifai, duk da ba ta fasa cewa camfi ne ba.

Wannan na tuna ina zaune a kan bokitin fenti. Ban san ko yana da alaƙa da halin da muke ciki ba, don tsohuwar da ba ta gane jikokinta, yaya za ta tuna da faifai? Amma ba ni da wata dabara. Da sassafe na shiga mota zuwa Gashuwa.

Na fara biyawa ta gidan. Na tsaya gaban tarin lakar ina neman inda ƙofa take, ban gane ba, har kabewa ta fara yaɗo a kai. A kasuwa kuwa sai da na sha yawo kafin in samu mai farar ƙasa, wata dattijuwa a can ƙarshen layin masu kanwa, da 'yan ƙulle-ƙulle a leda. Ta ce yanzu masu ciki ne kawai ke saye su ɗan tauna. Da na ce buhu nake so, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, 'yan nawa za ki haifa?" Na gutsura na tauna kamar yadda na ga ana yi, ban san ma me nake nema a bakin ba, na dai gyaɗa kai kamar gwana. Na sayi ƙaro da sabon faifai na juyo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ƙasar ta ƙi kama fentin, ina shafawa tana zamewa tana gangarowa. Sai da na nemo takarda mai kaushi irin ta kafintoci na kankare bangon da na wahala a kansa kwanan nan. Maigidana ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ya san ana rufe ƙasa da fenti, yau ya ga ana rufe fenti da ƙasa, Allah ya ba da lada.  Na yi ta murza tsumma ina ƙoƙarin fitar da ɓawon kifin nan, nawa yana fitowa wani babba wani ƙarami.

Da na iso ƙofa na tsaya. Dama ne ko hagu? Na kira Goggo a waya ta ce dama, har da rantsuwa. Na kira Umma, wadda yanzu take wurin ƙanena, ta ce hagu, ai ita ta wanke shi da hannunta. Na ce ko ɗaya tana faɗa a matsayin mai shiga ne ɗaya mai fita, na sake kiran su, suka ƙara rikita ni. Sai na ajiye wayar, na fita waje, na rufe ido, na yi sallama na sunkuya na shiga, ko da yake ƙofar nan ba ta buƙatar sunkuyo. Hannuna ya tafi daidai goshina, inda wurin ya kai ni shekarar da aka yi mini aure. Na danna faifai da hagu na zagaye da dama.

Na ɗaga faifan na ga abin da na yi. Zagaye ne shuɗi, na fentin kanti, duk ƙarzunan kankara. Babu kakan da ya taɓa jingina a nan, kogi bai taɓa zuwa nan ba. In maganar Baba ce gaskiya, ko ta Goggo, to na ɓata bango na ɓata ƙarfina a banza. Na tsaya da tsumma a hannu ina tunanin ko in rufe shi kawai in huta da abin dariya.

Daga baranda na ji muryar Kaka. Ta yi wata magana da Badanci, sannan ta ce da Hausa, "Wa ke shafe ba a gaya mini ba?" Na leƙa na ga ta ɗaga hanci tana shaƙa. Na ajiye tsumman.

Sai da na bari ya bushe ya yi fari kafin na je na tsuguna gabanta. Ban ja ta ba wannan karon, na ce mata dai an yi shafe, ana son babba ta duba. Ta ajiye ƙullin a tabarma, abin da ba ta taɓa yi da kanta ba tun zuwanta, ta dafa kafaɗata. A ciki ta sake ni ta kama bango. Ta bi shi da tafin hannu daga kusurwa, tana bin murzar tsumman, tana tsaki a inda na yi kauri. Ta zagaye ɗakin kaf har ta iso ƙofa, hannunta ya faɗa kan sumul ɗin fentin. Ta tsaya. Ta bi gefen zagayen da ɗan yatsa har ya dawo inda ya fara. Ni dai ina tsaye ina jiran ta ce a kai ta gida.

Sai ta juya ta jingina bayanta da bango, ta ɗan goga, ta taso ta ba ni baya.

"Duba mini."

Na duba. Zaninta ya yi fari fat daga kafaɗa har ƙugu. Na faɗa mata.

"Na sani. Rowar ƙaro kika yi, ƙawata. Baɗi ni zan jiƙa da kaina." Ta lallaba ta zauna a bakin gado. "Shigo min da kayana, kin bar su a waje kaji za su hau."

Na fita ɗauko ƙullin, a baranda kukan ya ƙwace mini. Tun da ta zo ba ta kira ni ƙawata ba, ba ta kuma ambaci wata rana da ke gaba ba sai yau.

Yanzu a ɗakin take kwana. Tarin ya lafa, tana cin tuwonta tana kushe miyata. Wasu ranakun takan ɗauka a Gashuwa muke, ta aike ni bakin kogi sayen kifi, in ce to. Kwanan baya na ga tana cikin hayyacinta sosai, na zauna kusa da ita na sake yi mata tambayar da na yi tun ina kan turmi. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ba ya gane karatu, ta ce, "Na baɗi ne."

Har yau ban san abin da take nufi ba. Wani lokaci in ce ko Baba ya fi kusa da gaskiya, wani lokaci in ce ita ma a wurin tata kakar ta gani ba ta tambaya ba. Wani lokaci kuma in ce tsoron gamawa take yi, shi ke nan. A unguwarmu ta Gashuwa yanzu duk wanda ruwa ya ci ɗakinsa da bulo yake mayarwa, mai sayar da fenti kuma abin da yake tallata kayansa da shi shi ne in ka shafa ka huta, sai bayan shekaru. Babu mai fito da gado tsakar gida don damina ta ɗauke, babu mai ɗora kunci a bango. Ban ce hakan laifi ba ne, ni ma sauran ɗakunana fenti ne.

Ban sani ba ko Kaka za ta ga baɗin da take faɗa, ita kanta ba ta san shekarar da muke ciki ba. Amma makon jiya na shiga kasuwa na sayo ƙaro mai kyau, fiye da wanda na sa bana, na zuba a kwano na rufe da faifan, na ajiye a ƙarƙashin gadonta inda hannunta zai kai.